Kiɗa Mai Ba Da Labari

Yara, ba da baki kaɗai a ke ba da labari ba. Ganga da algaita su ma suna magana, sai dai mai kunnen basira ne ke jin abin da su ke faɗi.

Wanda ya taɓa zuwa Haɗejiya daga Auyo ran hawan Salla ya san haka. Tun ba a hango Sarki ba, da an ji kakaki kowa ya san ya fito, gama ba a busa wa talaka kakaki. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa shi a can. Kalangu kuwa, in makaɗi ya matse tsarkiyarsa a hammata sai muryarsa ta hau, in ya sassauta ta sauka, kamar yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka. Ta haka ya kan kira sunan mutum, har ya yi masa kirari.

A Turai ma akwai irin wannan. Suna da ƙungiyoyin makaɗa na samari da 'yan mata, wani sa'i su kai mutum ɗari. A Ingila an kafa wata babba ta ƙasa duka a 1948. Lokacin Kirsimeti, watau bikin da Kirista ke yi ran 25 ga Disamba don tunawa da haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, irin waɗannan ƙungiyoyi su kan tara 'yan makaranta su kaɗa musu labari.

Wani labari da a kan kaɗa wa yara shi ne na Bitrus da Kyarkeci. Wani mutumin Rasha, Furokofiyef, ya shirya shi a Mosko a 1936. Kowa a cikin labarin da muryarsa. Sarewa ita ce tsuntsu. Wata irin algaita ita ce agwagwa. Ƙaho uku su ne kyarkeci, masu goge su ne yaron, Bitrus, manyan ganguna kuwa bindigogin maharba. Da an busa ƙahonin nan, sai yara su yi tsit, sun san mugu ya fito daga daji.

Makaɗan nan duka mutum guda su ke duba, wanda ke tsaye gabansu da 'yar sanda. In ɗaya ya yi gaggawa, ko ya nemi muryarsa ta danne ta sauran, labari ya ɓaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, ku lura. A da mutanen Auyo suna da harshensu na kansu, Auyakanci. Da yara suka daina koyonsa, tsofaffi suka ƙare, sai ya ɓace. Haka maganar kalangu za ta ɓace in ba mai koyo, ba mai saurare. Saboda haka in kun ji kiɗa, ku kasa kunne, ku tambayi manya abin da ganga ta ce.

Tambayoyi
1. Wa a ke busa wa kakaki?
2. Yaya kalangu ke magana?
3. Mece ce muryar tsuntsu a labarin Bitrus?
4. Me ya sa Auyakanci ya ɓace?