Harshe Kaɗai Ba Ya Sauke Kwantena

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka fara karatun Sinanci a jami'ar kasuwanci da tattalin arziki ta ƙasa da ƙasa da ke Beijing, wadda aka kafa tun 1951. Allah ya sa albarka. Sai dai ta ce ajin harshe ba ya wuce ka, amma darasin lissafin kuɗi da na dokar ciniki sai ranar da ka ga dama. To, saurari kawunka.

Shekarun baya na je baje kolin Guangzhou, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, zan sari yadi. Na ɗauki wani yaro tafinta, Sinanci a bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Muna zaune da mai masana'anta, ana zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofunan nan nasu da ba sa kashe ƙishi, ya faɗi farashi, ya ce FOB ne. Yaron ya juyo ya ce, "Alhaji, har Legas ke nan." Allah ya so ni, na san abin. A FOB, da zarar an loda kaya a jirgin ruwa a tasharsu, hannun mai kaya ya fita, kuɗin jirgi da inshora suna wuyana. Wanda mai kaya ke biyan su har Apapa shi ne CIF. Da na bi ta tasa, da ribar kwantenar a teku ta ƙare. Ba cuta ta ya yi niyya ba, bai taɓa zama ajin da ake koyar da wannan ba.

Ƙidaya ma haka take. Sinawa da "wan" suke lissafi, wato dubu goma-goma, wanda bai saba da alƙaluma ba sai ya zubar da sifili guda bai sani ba.

Gaisuwa da tambayar hanya kuwa, waya ma tana fassarawa yanzu. Abin da alhazan Kantin Kwari za su biya ka dominsa shi ne ka duba yarjejeniya ka ce, "Alhaji, dakata, kada ka sa hannu a nan."

Ga malaman lissafin kuɗi da na dokar ciniki nan a harabar makarantarku, ba sai ka hau mota ba. Ka shiga azuzuwansu ko da a bencin baya ne. In ka zo hutu ka biyo ta shago, na ajiye maka tsofaffin takardun jirgi da na kwastan, ka karanta mini su.