Yadda Ake Riƙe Hannun Wanda Ya Daina Shan Giya a Watannin Farko

Watannin farko bayan barin giya su ne suka fi wuya, kuma a cikinsu ne aka fi komawa gidan jiya. Mai wannan fama yana bukatar mutum a kusa da shi, wanda ya san abin da zai yi da lokacin da zai yi shi.

Ana farawa ne da asibiti. Wanda ya daɗe yana sha kullum, giyar kwalba ce ko burukutu ko ogogoro, jikinsa ya riga ya saba, kuma tsayawa farat ɗaya na iya jawo haɗari. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe sai hannu ya fara rawa, ga zufa da tashin zuciya da rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga kamar masu farfaɗiya, wasu kuma a rana ta biyu ko ta uku sai su ruɗe, su riƙa gane-gane. Dangi kan ɗauka iska ce ta taɓa shi, alhali ciwo ne da ke iya kisa. Kulle irin wannan mutum a ɗaki ko sa masa mari zalunci ne. Likita ne zai ba shi maganin da ke kwantar da jijiyoyi da kuma bitamin B1. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a jihar Sakkwato da Maiduguri suna karɓar masu wannan matsala.

Idan jiki ya lafa, sai a tsayar da mutum ɗaya da zai zama abokin tafiya. An fi son wanda shi ma ya taɓa sha ya daina, domin ya san yadda abin yake, kuma ba a jin nauyin faɗa masa gaskiya. A kan haka aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a 1935 a garin Akron na Amurka. Bill Wilson, wanda bai daɗe da dainawa ba, ya ji sha'awar giya ta taso masa a baƙon gari, sai ya nemi wani mashayin da za su yi magana, aka haɗa shi da likita Bob Smith. Wata bita da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020 a kan bincike 27 ta nuna cewa wannan hanya tana taimaka wa mutane su ɗore ba sha. Inda babu irin wannan ƙungiya, amini ko wa ko limami ko fasto zai iya tsayawa, muddin yana da rufin asiri kuma wayarsa a buɗe take dare da rana. Maganar rufin asiri ba ƙarama ba ce: a inda shan giya abin kunya ne, labari ɗaya da ya fita unguwa ya isa ya sa mutum ya daina faɗa wa kowa komai.

Daga nan sai su zauna su biyun su fitar da lokuta da wuraren da suka fi haɗari. Galibi bayan tashi daga aiki ne, ko ranar albashi, ko gidan biki, ko tsohuwar majalisa. A sauya hanyar da ke bi ta ƙofar mashaya, a kwashe kwalabe daga gida, a rage kuɗin da ke aljihu idan shi ya yarda, a cike yammacin da ƙwallo ko karatu ko aikin hannu. Yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya suna ƙara wa sha'awar ƙarfi, don haka ana lura da su.

Yarjejeniya mafi muhimmanci ita ce ya kira waya kafin ya sha. Sha'awar takan taso da ƙarfi, amma idan aka ja lokaci tana sauka. Wanda aka kira ba wa'azi ake bukata daga gare shi ba a wannan sa'a. Ya isa ya ce, “Yaya, kana ina? Ka ci abinci kuwa? Tsaya nan, ga ni nan zuwa,” ya ɗauke shi su je teburin mai shayi, su zauna har abin ya wuce. Ba a neman alkawarin har abada, na yau kaɗai ake nema. Idan ya cika mako ko wata, a nuna masa an lura. Gori da tone-tonen abin da ya wuce kuwa suna rushe aikin.

Idan ya zame ya sha, a jira ya wartsake sannan a yi magana cikin natsuwa: me ya faru a ranar, wa ya gani, me za a canja. A koma wurin likita, domin akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage sha'awar. In kuwa ya fara zancen ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.

Shi ma mai tallafin yana da iyaka. Ba zai biya bashin mashaya ba, ba zai yi ƙarya a wurin aiki don rufa masa ba, kuma gara a samu mutum na biyu da za su riƙa karɓa-karɓa. Saboda nauyin da iyalan mashaya ke ɗauka ne aka kafa musu tasu ƙungiyar, Al-Anon, a 1951.