Darasi: Idan Ƙauyenmu Ya Zama Gari, Ƙofar Wa Za Mu Ƙwanƙwasa?

An shirya wannan darasi domin a karanta shi tare a taron maza, zumuntar mata da na matasa. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, a tsaya inda aka ga dama a tattauna.

Da yawa cikin ƙauyukan da muke ziyarta ba ƙauyuka ba ne kuma. An kawo kwalta, kasuwar da take ci sau ɗaya a mako yanzu kullum tana ci, baƙi suna ta tambayar fuloti. Wanda ya san Mararaba da Masaka a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa kafin gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991 zai gaya maka yawancin wurin gonaki ne. Haka Gonin Gora a ƙaramar hukumar Chikun ta Jihar Kaduna, wadda ta cika bayan rikicin shekarar 2000. Girma abin farin ciki ne, ciniki yana ƙaruwa. Amma rijiyar da ta ishi gida talatin ba za ta ishi gida ɗari uku ba. Bola tana taruwa a bakin hanya, yara suna zaune a ƙasa a aji, ruwan sama kuma ba ya samun hanyar wucewa sai ta cikin ɗakin wani. A nan sai ka ji ana cewa gwamnati ta manta da mu. To, wace gwamnati?

Aikin ƙaramar hukuma

Iyayenmu sun san zamanin En'e. A 1976 aka yi gyaran da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a dukan ƙasa. Yau muna da guda 774, har da shida na Abuja. Kowace tana da ciyaman da kansiloli, kowane kansila yana wakiltar gunduma ɗaya. Tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya rubuta aikinsu: kasuwa, tashar mota, mayanka, bayan gida na jama'a, maƙabarta, hanyoyin cikin gari da magudanar ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Suna kuma da hannu tare da jiha a makarantar firamare, yaƙi da jahilci, aikin gona da kiwon lafiya.

Mu lura, kusan duk abin da yake damun garin da yake girma yana cikin wannan jeri. Saboda haka kwalbatin da ya toshe a bayan kasuwa ba maganar sanata ba ce. Maganar kansila ce da sashen ayyuka na sakatariya. A taro da yawa na tambayi mutane sunan kansilansu, sai a yi shiru, alhali kowa ya san sunan gwamna.

Kuɗin fa?

Daga kuɗin da ake rabawa na asusun tarayya, kashi 20.60 cikin ɗari na ƙananan hukumomi ne. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, gwamnoni kuwa sukan naɗa kantoma a maimakon a yi zaɓe. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Bayan haka jihohi da dama suka yi zaɓe. Filato, Kaduna da Binuwai duk sun yi nasu a Oktoba 2024, kuma a kowace jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujerun ciyaman duka. Har cikin 2025 ana ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da biyan kuɗin.

Kada dai mu ɗauka hukunci kaɗai zai haƙa mana rijiya. A yi adalci kuma, babban kaso na kuɗin yana tafiya ne a albashi, musamman na malaman firamare. Amma ba duka ba. Akwai kuma kuɗin shiga na gida: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin shago. Idan gari ya girma wannan kuɗi yana ƙaruwa. Duk wanda ya karɓi kuɗi a hannunki a kasuwa, mama, ki nemi rasit mai sunan ƙaramar hukuma. Da wannan rasit ne za ku iya tsayawa ku tambayi dalilin da kasuwa ba ta da bayan gida.

Maganar ƙasa

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ne iyali suke rabuwa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta raba ƙasa kashi biyu. Inda ba birni ba ne, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya, na gona ko na gida. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, izinin yana fitowa daga gwamna ta ofishin filaye na jiha. Wato garinku yana iya shiga lissafin birni alhali kuna nan kuna noma kamar kullum. Wanda ya gaji gona kuma yana nomanta tun kafin dokar, doka ta san da shi ko ba shi da takarda. Wahalar ita ce ranar da wani ya zo da takarda, kai kuwa shaidarka tsofaffi ne da itacen ɗorawa da ke kan iyaka. Tsofaffi suna tafiya, itace kuma ana sarewa.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba: idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan filin ce, wato gini, amfanin gona da itatuwa masu amfani. Ba ta ƙasar kanta ba ce. Shi ya sa idan masu ƙidaya suka zo, dole mai gona ya tsaya da kansa a ƙirga kowane mangwaro, a rubuta a gabansa.

Akwai wani ƙauye da na yi aiki, ba zan faɗi sunansa ba. Wani dattijo ya ba da fili aka gina majami'a da ƙaramin asibiti, da baki kawai, a gaban mutane. Bayan rasuwarsa hanya ta zo, fili ya yi daraja. 'Ya'yansa da suke birni suka ce babansu aro ya bayar. Ban ce mugaye ba ne, suna yara lokacin da aka yi maganar. Biyu daga cikin shaidu sun riga sun rasu. Dangi da suke zama a benci ɗaya ran Lahadi suka daina gaisuwa. Takarda guda da sa hannun mai unguwa da ta hana wannan duka.

Don haka duk filin da yake na jama'a, ko na majami'a, masallaci, makaranta, maƙabarta, ko hanyar rafi da burtalin shanu, a rubuta shi tun masu ba da shi suna da rai. A sa hannun mai bayarwa da manyan 'ya'yansa, maza da mata, da maƙwabtan iyaka, da mai unguwa ko dagaci. A kira safiyo ya auna a kafa duwatsun iyaka, sa'an nan a kai ofishin filaye. Takardar dagaci shaida ce mai amfani, amma ba ita ce takardar gwamnati ba. Idan kuma iyali za su sayar da fuloti, a bar hanyar da mota za ta iya shiga. Na ga unguwar da aka sayar kaf ba a bar hanya ba, mace mai naƙuda sai an ɗauke ta a hannu zuwa bakin titi. Kada kuma a manta da gwauraye mata da marayu, gonarsu ce dillali yake fara sa wa ido.

Yadda za mu kai kuka

Mutum ɗaya da ya je sakatariya, roƙo ya je yi. Kwamitin unguwa mai maza da mata, Kirista da Musulmi, 'yan gari da baƙi, ya fi wuyar kora, domin lambatu ba ya tambayar addinin kowa. Ku zaɓi buƙata ɗaya ko biyu, kada ku jera goma. Ku rubuta wa ciyaman ta hannun kansila, ku faɗi wurin, yawan gidajen da abin ya shafa, da abin da ku kanku za ku bayar, ko yashi, ko dutse, ko aikin gayya. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Mu ma mun taɓa kai takarda babu kwafi, bayan wata uku aka ce ba a taɓa ganinta ba. Ku kai kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake shirya kasafin kuɗi, domin aikin da bai shiga kasafi ba sai ya jira wata shekara.

Kafin taro na gaba, a raba aiki. Matasa su gano sunan gundumarku da na kansilanku, da ranar da ake samunsa. Mata su zagaya su ƙirga rijiyoyin burtsatse da suke aiki da waɗanda suka lalace. Dattawa kuma su buɗe akwatin ikilisiya su duba ko filin da majami'arku take kai yana da takarda, da sunan wa aka rubuta a kanta.