Yadda Ake Ziyarar 'Yan Kwana-Kwana a Jamus Don Ɗaukar Hoton Motocinsu

Akwai mutanen da in sun sauka a baƙon gari, tashar 'yan kwana-kwana suke fara cigiya kafin kasuwa. Su ɗauki hoton jajayen motocin nan ɗaya bayan ɗaya, su rubuta sunan kowace, da wanda ya ƙera ta, da shekararta. Mai irin wannan sha'awa ya fara da Jamus. Da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da 'yan kwana-kwanansa, kuma motocin ƙasar bisa ƙa'ida guda ake ƙera su, in ka iya karanta ɗaya sauran ba za su gagare ka ba.

Tun kana gida, ka san irin tashar da za ka dosa. Manyan birane ɗari da 'yan kai ne ke da ma'aikatan albashi da ke kwana a bakin aiki, kuma hukumar kashe gobara ta Berlin, wadda aka kafa a 1851, ita ce babbar yaya. Ragowar ƙasar 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, mutum kusan miliyan guda: manomi, malamin makaranta, kafinta, kowa na wurin sana'arsa sai an kira. In ka je tasharsu da rana tsaka, ƙofa a kulle za ka tarar. Ranar atisaye ake samunsu, galibi da yamma bayan an tashi aiki. Akwai kuma na manyan masana'antu da filayen jirgin sama, inda ake samun dodannin motoci irin Panther ta kamfanin Rosenbauer, amma shiga can sai da izini mai tsauri, ka bar shi sai ka yi ido a harkar.

Sai ka aika saƙon imel, makonni kafin tafiya. A birni ofishin hulɗa da jama'a na hukumar za ka rubuta wa, a ƙauye kuwa kwamandan 'yan sa-kai. Kada ka tsawaita: ga sunanka, ga ƙasarka, ga ranar da za ka zo, hoton motoci kake so don sha'awa ba don sayarwa ba. In an yi shiru ko an ce a'a, ka nemi wata. Hanya mafi sauƙi ita ce ka daidaita tafiyarka da ranar da tasha ke buɗe wa jama'a ƙofa, abin da suka saba yi a watannin zafi. Ranar ana fito da motoci fili, a buɗe kowace ma'ajiya. Matsalar kawai yara da iyayensu za su cika maka hoto, don haka ka yi sammako.

Ranar ziyara, ka danna ƙararrawa ka jira. Kada ka tsaya a gaban manyan ƙofofin da motoci ke fita, kada ka ajiye mota ko jaka a wurin. Wannan gida ne na aiki, kuma aikin ceton rai ne. Da zarar ƙararrawar kira ta kaɗa, ziyararka ta ƙare a nan take: ka manne da bango, ka ba da hanya, kada ka bi kowa da tambaya. Cikin ɗan lokaci za su zura kaya su fice da jiniya. Ba ka taɓa komai, ba ka hawa mota sai an ce bismilla. In kana da bajen hannun riga na hukumar kashe gobara ta garinku, wanda ka samu ta hanyar da ta dace, ka riƙo shi. 'Yan kwana-kwana na son musayar baje, kuma yana buɗe hira fiye da doguwar gabatarwa.

Cikin rumfar motoci hoto ba ya kyau. Wurin a matse yake, haske kaɗan, ga ginshiƙai. Idan mai masaukinka ya ga da gaske kake, sau da yawa shi da kansa zai ce bari ya fito maka da mota waje. Ka bari maganar ta fito daga bakinsa. Da motar ta fito, ka sa rana a bayanka, ka tsaya ta kusurwar gaba yadda fuska da gefe guda za su fito tare, ka ja da baya sosai sannan ka jawo hoton, don in ka matsa kusa kan motar zai kumbura, bayanta ya tsuke. Ɗan rusunawa yana ƙara mata kwarjini. Kashe filashi: layukan da ke jikinta masu mayar da haske ne, za su ƙone maka hoton fari fat. Bayan wannan babban hoto sai ka zagaya: ɗaya gefen, baya inda famfo yake, ƙofar direba mai tambarin gari, lambar mota, da ma'ajiyoyi in an ɗaga maka murafensu. Fuskar mutum kuwa sai da yardarsa, Jamusawa ba sa wasa da wannan.

Yanzu aka zo wurin da ake bambance mai sha'awa da ɗan kallo, wato gane motar. A wurina hoton da ba a san ko wace mota ce a ciki ba rabin aiki ne.

Abu na farko, kusan kowace motar kashe gobara iyaye biyu gare ta. Kamar yadda ake sayen kai da shasi a kai wa masu ƙera bodin katako, haka abin yake a can. Tambarin da ke goshinta, Mercedes-Benz ko MAN ko Scania ko Iveco, na mai kai da inji ne. Wanda ya ɗora tanki da famfo da ma'ajiyoyi daban ne, sunansa yana gefe ko a baya, wani lokaci a saman gilashi. Sunayen da za ka yi ta karo da su: Magirus na birnin Ulm, wanda Conrad Dietrich Magirus ya kafa, Rosenbauer na Ostiriya mai asali tun 1866, Ziegler na garin Giengen, da Schlingmann na Dissen. Tsofaffin motocin tsani za ka ga an rubuta Metz, kamfanin Karlsruhe da Rosenbauer ya saya a 1998. Dole ka rubuta duka biyun, misali MAN TGM da bodin Ziegler. Wanda ya rubuta "MAN" kawai bai faɗi komai ba.

Na biyu, haruffa da lambobin da ke nuna aikinta. LF motar kashe wuta ce mai ɗaukar ayarin mutum 9. In aka ƙara H a gaba ta zama HLF, tana ɗauke da kayan ceto, har da almakashin ƙarfe da abin buɗe motar da ta matse mutum. TLF mai dakon ruwa ce, mutanenta kaɗan, tankinta babba. DLK ita ce mai tsani mai juyawa da kwando a ƙarshensa. ELW ta kwamanda ce, RW ta kayan aiki zalla, TSF-W kuma 'yar ƙaramar nan ta ƙauye mai mutum 6 da famfon da ake iya saukewa a ɗauka.

Lambobin ne ke yaudarar sabon shiga, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. A HLF 20, ashirin ɗin ƙarfin famfo ne, lita 2,000 a minti guda, tankinta kuwa aƙalla lita 1,600. A TLF 3000 lambar ruwan tanki ce. A tsohuwar LF 16/12 an haɗa biyun: famfo mai lita 1,600 a minti, tanki mai lita 1,200. DLK 23/12 kuma ta fi kowa rikita mutane. Tsaninta ya kai mita 30, amma sunan yana cewa za ta iya ceto mutum daga tsayin mita 23 alhali tana tsaye mita 12 daga jikin ginin.

Na uku, sunanta na rediyo, wanda akan manna a gilashin gaba. Da Florian yake farawa, sai sunan gari, sai lambobi. Tsarin lambobin ya bambanta daga jiha zuwa jiha: motar tsani 30 ce a Bavaria, 33 a Baden-Württemberg. Kada ka ɗauki na wata jiha ka fassara na wata.

Shekarar ƙira tana kan ɗan farantin da kamfani ya liƙa, yawanci a bakin ƙofa. Amma wanda ya fi faranti sani shi ne direban, don a tsarinsu mai tuƙi shi ke kula da famfo. Tambaye shi ita wace ce, ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Zai gaya maka shekarar da ta zo, da wadda ta gada, da inda aka kai tsohuwar. Ka rubuta nan take a littafinka tare da lambar hoton. Da daddare jajayen motoci goma duk sai su zame maka ɗaya.

In ka ci karo da 'yan kwana-kwana a bakin aiki a titi, ka tsaya nesa, motar kaɗai za ka ɗauka. Dokar Jamus ta haramta ɗaukar hoton wanda hatsari ya rutsa da shi, mai rai ko mamaci, kuma hukuncin yana iya kai wa ɗaurin shekara 2. Ko ba doka, bai dace ba.

Mai son tsofaffin motoci ya ware yini guda don gidan tarihin 'yan kwana-kwana da ke Fulda, mai son sabbin yayi kuma ya nemi baje kolin Interschutz da ake yi a Hannover. Da ka dawo gida, ka sa wa kowane hoto suna cikakke: gari, tasha, nau'in mota, mai kai, mai bodi, shekara, da ranar ɗauka. Sannan ka zaɓi masu kyau ka aika wa tashar da godiya, ka roƙi direban ya duba bayanan ya gyara maka inda ya ga gyara.