Darasi na Tara: Yadda Kalkirit Ke Taurare da Kansa

Kalkirit wani nau'in tsakuwa ne fari wanda sinadarin farar ƙasa, wato kalsiyam kabonet, ya manne ƙwayoyinsa. Ana samun sa a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, musamman Kalahari, a ƙasashen Botswana da Namibiya. Dutse yana da wuyar samu a can, ɗauko shi daga nesa kuma akwai tsada. Saboda haka da kalkirit ake shimfiɗa hanyoyi da dama, kamar yadda ake amfani da burji a ƙasar Hausa.

Wani kalkirit yakan ƙara tauri bayan an shimfiɗa shi an daddaɓe. Idan ruwa ya ratsa shi, kaɗan daga cikin sinadarin yakan narke. Da ya bushe, sai abin da ya narke ya sake daskarewa tsakanin ƙwayoyin, ya ɗaure su tamkar siminti. Maimaituwar jiƙa da bushewa ita ke ƙara ƙarfin.

Sai dai ba kowane kalkirit ke yin haka ba. Shi ya sa ake gwada ƙarfinsa kafin aiki, domin hanyar da aka gina bisa zato, damina ce ke tona asirinta.

Auna Fahimta
1. Bayyana matakan taurarewar kalkirit.
2. "Kalkirit" ararriyar kalma ce. Ƙirƙiro mata sunan Hausa, tare da hujja.