Amsar Tambaya: Albarushin Gado

Tambaya: Malam, mahaifinmu mafarauci ne. Ya rasu ya bar bindigar toka da albarushi da 'yan harsasai. Yaya zan adana su shekara da shekaru ba tare da haɗari ba? Daga wani mai karatu a Maiyama.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko harsashi sai da lasisi, kuma lasisi ba a gadonsa. Ka ɗauki mai unguwa ku je ofishin 'yan sanda na Maiyama, ka faɗa musu abin da ke hannunka. Ko ka miƙa, ko ka nemi izini ta hannun Kwamishinan 'Yan Sanda a Birnin Kebbi. Kada ka ɗauko kayan ka hau mota zuwa can. A shingen bincike ba a sauraron labarin gado.

Kafin nan, ka raba albarushi da bindiga. Ka sa shi a akwatin katako mai kwaɗo, nesa da murhu da fitila. Kada ka ajiye shi kusa da rufi ko a ƙasa, domin rufin kwano a watan Afrilu tanderu ne, ƙasan ɗaki kuma da damina danshi yake sha. Mabuɗi ya zauna a aljihunka, domin yara ba abin da ba sa tonowa. Harsashin da ya yi tsatsa kada ka jefa shi a wuta ko bola.

Ni dai in ba farauta kake ba, ka miƙa su ka huta.