Bayyana Dokokin Iskar Gas da Adanuwar Nauyi Cikin Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan kira kwalbar da aka juye ruwanta fanko, wai babu komai a cikinta. Haka kuma idan itace ya ci wuta, yakan ce ya ƙone ya ƙare. Waɗannan maganganu daidai suke a harshen yau da kullum, amma a fagen kimiyya suna iya ɓatar da ɗalibi, domin kwalbar cike take da iska, itacen kuma bai ɓace ba. A wannan darasi za a dubi dokoki uku, da irin lafazin da ya kamata malami ya zaɓa wajen bayyana su.

1.1 Gas da Matsi

Kalmar iska ta ƙunshi wadda ake shaƙa da wadda ke kaɗawa, har ma da aljani. Saboda haka ya fi dacewa a ce iskar gas, ko gas kawai. A shekarar 1662 Robat Boyil, wanda ya yi bincikensa a Ingila, ya nuna cewa muddin zafi bai sauya ba, gurbin da gas ke cikewa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar matsi. Wato idan aka ninka matsi a kan gas mai lita 4, zai koma lita 2. Malami na iya toshe bakin sirinji marar allura da yatsa, ya danna, ɗalibai su ga iskar ta takure.

1.2 Gas da Zafi

Dokar da ake jinginawa ga Bafaranshe Jak Sharl, wanda ya yi gwaje-gwajensa wajejen 1787, ta ce muddin matsi bai sauya ba, gurbin gas yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar zafi. Sai dai da ma'aunin Kelbin ake lissafi, inda ake ƙara 273 a kan digirin Salshiyos. Daga digiri 27 zuwa 54 ba ninki ba ne, domin daga Kelbin 300 ne zuwa 327. Idan kuwa gas ya rasa wurin buɗawa, kamar a cikin tayar mota lokacin bazara, matsinsa ne ke hauhawa.

1.3 Adanuwar Nauyi

A littafinsa na 1789, Antuwan Labuwaziye na Faransa ya fayyace cewa idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗe a rufaffen mazubi, jimillar nauyinsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Misali, giram 12 na kabon idan ya ƙone da giram 32 na oksijin, yana ba da giram 44 na kabon dayoksaid. Ashe ke nan itacen murhu rikiɗa ya yi zuwa toka da hayaƙi da tururi da gas.

1.4 Kammalawa

An ga cewa sharaɗin "muddin" shi ne ginshiƙin dokokin gas biyun. Malamin da ya yar da shi ya koyar da kuskure. Haka nan fi'ilin "rikiɗa" ya fi "ƙarewa" dacewa da ƙonewa. Abin da yaro ya fara ji daga bakin malami da wuya ya goge.

1.5 Auna Fahimta

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar iska, tare da misali cikin jimla.
2. Gas mai lita 6 yana Kelbin 300. Lita nawa zai zama a Kelbin 400 idan matsi bai sauya ba?
3. Yaya za ka amsa wa ɗalibin da ya ce kyandir ya ƙone ya ɓace?